Kifin da Ya Riƙe Mini Aure

Ni tela ne, a Kasuwar Kongo ta Douala shagona yake, kuma duk wanda ya san ni ya san ba ni da haƙurin jira. In mai yadi ya ce in dawo gobe, kafin la'asar na koma. To, ni ne Allah ya haɗa da kifin da ya riƙe mini aure wata biyar cur, kifin da bai kai tsawon yatsana na tsakiya ba.

Yarinyar da nake nema a lokacin, wadda yanzu ita ce uwar 'ya'yana, auta ce a gidansu. Yayyenta maza sun yi gidajensu, mata suna ɗakunan mazajensu, mahaifiyarsu kuma ta rasu. Saura ita da tsohon, wato mahaifinta, a wani gidan katako a unguwar New Bell, lungu uku daga namu. Tsohon dillalin banda ne. Shekara arba'in busasshen kifi yana sauko masa daga arewa, na Binuwai da na Logone da na tafkin Cadi, kuma an ce ko kwali ba ya buɗewa, da ya sunsuna zai gaya maka abin da ke ciki da ruwan da ya fito. Da ƙirji ya fara damunsa, likita ya ce ya bar kasuwa. Zaman gida ya ishe shi, ya shiga faɗa da kowa har da rediyo. Sai babban ɗansa, wanda ke zaune a unguwar Kotto, ya sayo masa akwatin gilashi na kiwon kifi, irin wanda masu Faransanci ke ce wa akwariyom, aka girke shi a kan wani guntun benci a ɗakin bakin ƙofa, inda tsohon ke zama da abokan hirarsa.

Da farko cewa ya yi wannan wulaƙanci ne, a kawo wa mutum kifin da ba a ci. Sati bai zagayo ba ya zama ba wanda ya isa ya taɓa gilashin nan.

Jajayen kifaye huɗu aka saya. Amma cikin ledar ciyawar ruwa da aka haɗo da ita, ashe akwai wani baƙo da ba wanda ya gayyata. Ɗan siriri ne, ruwan ƙasa mai duhu, da ratsi-ratsin rawaya sun gitta masa jiki, da gashin baki, da wutsiya mai zagaye. Da rana ba ya son mutane. Akwai guntun bututun roba da aka jefa a ƙasan gilashin, nan yake shigewa ya leƙo da kai kawai. Tsohon ya dube shi sau ɗaya ya yanke hukunci: ɗan ramboshi ne, babban yayan tarwaɗa, wanda in ya samu ruwa yake kai tsawon mutum. Hujjarsa ita ce wata doguwar tsoka da ke kwance a gadon bayansa wajen wutsiya. Ya ce tarwaɗa ba ta da ita, ramboshi ke da ita. Wa zai yi musu da shi?

Ana cikin haka kawuna, wanda shi ke tsaye a kan maganar aurena, ya ɗauki goro da mutum biyu suka je neman a sa rana. Ni ina shago, na ɗinka hannun riga ɗaya sau uku ina farkewa. Da ya dawo sai na gan shi yana dariya.

"Kawu, yaushe ne?"

"Ka kwantar da hankalinka. Alhaji ya ba ka. Ya nuna mana ɗan ramboshinsa, ya ce ranar da ya kai kamu ɗaya, daga gwiwar hannu zuwa yatsa, mu dawo a sa rana. Da shi za a yi farfesun walima."

"Kifi, Kawu?"

"Kai yaro ne. Ramboshi in yana cin abinci, wata huɗu ya kai kamu, in ya yi nawa biyar. Ka ga kafin nan ka gama gyaran ɗaki. Wannan ai raha ce irin ta manya, kuma a gaban mutum takwas ya faɗa, ba zai janye ba."

Na lissafa na ga gaskiya ne, har na ji daɗi. Na ce ashe ma ranar aurena a hannuna take, tunda abin na ciyarwa ne.

Daga ranar na zama ma'aikacin kifi. Ina haƙo tana a bayan gidanmu bayan an ɗauke ruwa. Ina daka majanga, ƙananan busassun jatan landen nan da ake zubawa a miya. Na nemo abincin kifi na gwangwani. Duk bayan kwana biyu sai in ƙirƙiro dalilin zuwa gaida tsohon, in miƙa ƙunshina in ce, "Baba, ga ɗan abin da za a jefa musu." Yana karɓa yana sa mini albarka. Jajayen nan huɗu suka yi ɓul-ɓul, har iyo ya zame musu aiki. Nawa kuwa, wanda ake yi domin shi, yana nan yadda yake.

Tef ɗin awo ba ya barin wuyana, ko masallaci za ni sai na tuna in cire. Ranar da tsohon ya shiga alwala, kifin kuma ya yi kuskuren kwantawa a jikin gilashi, na yi maza na ɗora tef. Santimita bakwai. Na rubuta a bangon shago da allin yanka. Bayan wata guda na sake samun dama. Santimita bakwai. Na ce wataƙila ya lanƙwashe ne. A wata na uku ya ba ni bakwai da rabi, na yi murna har na saya wa maƙwabtana shayi, daga baya na gane ni ne na karkata tef ɗin. Kamu ɗaya na tsohon kuwa na san shi sarai, don ni nake ɗinka masa riguna: santimita arba'in da shida.

A nan ne tsoro ya fara shigata. Ruwa ba ya tsami banza. Na ɗauki hoton kifin a waya, hoton da in ba an gaya maka ba za ka ce igiyar takalmi ce ta faɗa ruwa, na shiga nuna wa mutane.

Maƙwabcina na dama a kasuwa Babarbare ne mai aikin surfani, na hagu kuma Bafulatani mai sayar da zare da maɓalli. Shekara goma suna zagin juna, ko ruwa ɗayansu ba ya sha sai ya miƙa wa ɗayan. Babarbaren ya karɓi waya ya nisantar da ita daga ido.

"Minjirya ce. Ka sa hannu a ruwan, in ta ja ka kamar lantarki ka zo ka ba ni labari."

Bafulatanin ya fizge wayar. "Kar ka saurari bawana. Wannan mashwaron ne, na teku, irin wanda matan Douala ke gasawa. Voilà, gishiri yake so. Ka zuba masa gishiri ka ga girma."

"Ji mai shanu zai yi maganar kifi," in ji Babarbaren. "Kai da ko rafi ka gani sai ka nemi jelar saniya ka riƙe."

Suka koma kan juna, suka manta da ni. Allah ya taimake ni ban bi shawarar gishirin ba.

Ranar Lahadi na hau bensikin, wato ɗan babur, zuwa unguwar Bali, shagon da aka sayo gilashin. Matar da ke sayarwa ta dubi hoton ta ɗaga kafaɗa ta ce kifi mai gashin baki ne, shi ke nan, duk ɗaya suke. Na ji raina ya fara ɓaci. Na ce mata in duk ɗaya ne, me ya sa nawa ya ƙi girma? Ta ce wannan kuma tsakanina da shi. Har na juya zan fita sai wani dattijo da ke zaune a bayan shagon yana ɗinke raga ya kira ni. Mutumin kudu ne, na cikin kurmi, shi ke kamo musu ƙananan kifaye a rafukan daji. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya tambaye ni, rabi da Faransanci rabi da Turancin Fijin, me ya dame ni da ɗan wannan abu haka. Na gaya masa gaskiya. Ya yi dariya har raga ta faɗi daga cinyarsa.

"Mon fils, ɗana, hotonka ba ya nuna komai. Je ka ƙirga gashin bakinsa. In takwas ne, ka wanke tukunya. In shida ne, ka dawo ka same ni. Ka duba kuma na ƙasan haɓa, ko suna da 'yan rassa kamar saiwa."

A baki abu mai sauƙi. Amma yaya za ka ƙirga gashin bakin kifi a ɗakin surukin da ko ido ba ka isa ka haɗa da shi ba? Ba zan shiga in ce, "Baba, matsa in duba ko ka yi kuskure" ba. Sai da na kwana biyu ina tunani kafin na ga ashe al'adar da ta ɗaure ni ita za ta kwance ni. In na je gaisuwa, takalmi nake cirewa a waje, in durƙusa, in sunkuyar da kai. Gilashin kuma a kan guntun benci yake. Wanda ya durƙusa a gefen dama na tabarmar tsohon, ya karkata kai kaɗan, idonsa daidai bakin bututun nan yake sauka.

Na fara gaisuwar da ba a taɓa yin irinta a New Bell ba. Ina kwana, ina gajiya, yaya jiki, yaya ƙirjin, yaya ruwan jiya, bai shigo ɗaki ba ko, yaya mutanen Kotto, yaya jikoki, yaya wanda aka yi wa kaciya. Baki na gaisuwa, ido na ƙirga. Ɗaya, biyu, uku, sai munafukin ya ja kansa ciki. In sake ɗauko gaisuwa daga farko. Gwiwoyina suka yi kanta. Abokan hirar tsohon suka shiga yabona a unguwa, wai a zamanin nan ba a samun yaro mai ladabi irina, har wani ya je ya yi wa ɗansa faɗa da sunana. Babarbare da ya ji labari ya ce in ci gaba, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

A zuwa na biyar kifin ya fito gaba ɗaya, ya manna haɓa a gilashi kamar mai jiran a ɗauke shi hoto. Biyu dogaye a sama. Huɗu a ƙasa, da 'yan rassansu. Na sake ƙirgawa. Shida. Ban san lokacin da na ce "Innalillahi" a tsakiyar gaisuwa ba, sai da na wayance da cewa jijiya ce ta riƙe mini ƙafa.

Dattijon Bali bai yi mamaki ba. Ya ja ni bayan shago ya buɗe wani bokiti, sai ga irinsa sun fi goma, kowanne da ratsinsa na rawaya. Ya kamo ɗaya a tafin hannu, kifin ya miƙe ƙayoyinsa ya yi wani ɗan ƙara, ƙiiƙ-ƙiiƙ. Nan na gane danginsa, don duk wanda ya taɓa riƙe ƙurungu ya san wannan kuka. Ya ce haka ne, ɗan'uwan ƙurungu ne, amma shi wada ne a cikinsu, a ƙananan rafukan kurmi yake zama ƙarƙashin saiwoyi, ba ya zuwa manyan kogunan arewa. Ya rubuta mini sunansa na littafi a bayan wata takarda. Na ɗora tef a kan sunan, ya fi kifin tsawo.

"To zuwa yaushe zai kai kamu ɗaya?" Na san amsar, amma na tambaya.

"Jamais, har abada. Kifinka ba yaro ba ne, mon fils. Ya gama girma. Wataƙila ma kaka ne."

Na fito na tsaya a bakin titi, masu babur suna ta yi mini ham, ban ma ji su ba. Wata huɗu ina haƙar tana domin dattijon kifi.

Na kai wa kawu takardar. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya miƙo mini.

"Yanzu so kake in je in ce wa mutumin da ya yi shekara arba'in a kan kifi bai san kifi ba? A gaban mutanen da ya yi maganar? Da wannan 'yar takardar? Ba da ni ba. Magana zarar bunu ce, shi ya zare ta, shi ya san yadda zai yi da ita. Ka yi haƙuri, sannu ba ta hana zuwa."

"Sai dai a daɗe ba a je ba, Kawu. Wannan kuwa ba za a je ba sam."

Ya ce in tashi in ba shi wuri.

Da yamma na je zance. Muna tsaye a bakin ƙofarsu ta baya na zayyana mata komai, na kuma kawo dabarar da na kwana ina saƙawa: in samo ɗan ramboshi na gaske wajen masu kiwo, ita kuma ta musanya su lokacin da tsohon ya tafi masallaci. Ta dube ni kamar na zo da maganar sata, wanda kuwa ita ce.

"Baban da ke gane kifi a cikin kwali, shi ne ba zai gane an canza masa na gaban idonsa ba? Kuma ramboshinka ya cinye masa jajayen, ka ce me?"

"To ke ba ki damu ba ke nan? Ko dama ba kya so?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi, sannan ta ce in bar Baba tukuna, ta shige gida. Na tafi ina huci. Har yau in na tuna tambayar nan kunya nake ji, don ita ta riga ta san abin da ni ban sani ba.

Na ƙara wata guda ina cin raina. Na daina kai tana. Sai wata Talata bayan la'asar na gama wata rigar tsohon, farar shadda, na ce bari in kai masa da kaina. Ruwa ake yi irin na Douala, wanda ba ya tsayawa kuma ba ya ƙaruwa, ya hana abokan hirarsa fitowa. Na same shi shi kaɗai, ya jawo kujera gaban gilashi, da tabarau a hancinsa. Ban taɓa ganinsa da tabarau ba. A gaban mutane ba ya sawa, wai na tsofaffi ne.

Na durƙusa na fara gaisuwa. Ya katse ni.

"Tela, nawa ka ƙirga?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. "Na'am, Baba?"

"Kifi na ganinka, mai jar koma. Mutum ya zo gaishe ni sau biyar yana tambayar lafiyar yaron da aka yi wa kaciya bara. Nawa ka ƙirga?"

"Shida, Baba."

"Shida ne. Na ramboshi takwas." Ya cire tabaran ya goge da bakin riga. "Ranar da kawunka ya zo, da zuciya ɗaya na yi maganar. Na ga tsokar bayan nan na ce ramboshi ne. Ido ya tafi, ni kuma ban yarda ya tafi ba. Sati biyu bayan nan na sa wannan abin na duba shi da kyau, na ga dangin ƙurungu ne, kuma ba mai girma ba. Irinsa bai taɓa zuwa mini a kwali ba, wa zai banda wannan?"

Na shiga lissafi: sati biyu. Wato tun kafin in yi murnar bakwai da rabi ya sani. Wani zafi ya taso mini, na danne shi da ƙyar.

"Na so in aika a kira kawunka a ranar," in ji shi. "Da safe 'yata ta kawo mini kunu, ta zauna nan inda kake, muna kallonsu tana ba su abinci, tana ba ni labarin unguwa. Na ce bari in ƙara sati ɗaya. Tun da uwarta ta rasu, muryarta ce kaɗai ke tashi a gidan nan. Sati ya zama wata. Kullum in na duba kifin na ga bai ƙaru ba, sai in ji daɗi, Allah ya yafe mini. Ita ma ta gane, ta gan ni da tabarau. Ba ta ce mini komai ba, kai ma ba ta gaya maka ba. Na zalunce ku, ku biyu."

Ban taɓa jin babban mutum ya faɗi haka ga yaro ba. Fushin da na shigo da shi na neme shi na rasa. Tausayinsa ya kama ni, har na kasa ɗaga kai, wannan karon ba don al'ada ba.

"Ka turo kawunka ranar Juma'a bayan masallaci. A kira duk waɗanda suka ji maganar farko. A gabansu na ce ramboshi ne, a gabansu zan ce na yi kuskure. Kunyar tawa ce, ba ta kowa ba. Farfesu kuma a sayo mashwaron."

Abin da na yi wata biyar ina nema ke nan, ga shi an miƙo mini, amma murnar ta ƙi zuwa. Na dubi ɗakin, kujera ɗaya, tabarma, rediyo, da ƙarar injin da ke hura wa kifi iska. Sai na ji bakina yana faɗin abin da ban shirya ba, ni da ba na iya jiran mai yadi.

"Baba, in wata ɗaya ne, a ƙara. Ba komai."

Ya daɗe yana kallon gilashi. Leɓensa ya motsa sau biyu. Sannan ya ɗaga hannu ya nuna mini ƙofa ba tare da ya juyo ba.

"Tashi ka fita, ɗan nan, kafin in karɓa."